Shin Biyayya Kaɗai Ta Isa Tarbiyya?

Idan babban hutun makarantu ya zo, magidanci kan ɗauki iyalinsa daga Malbaza, ya bi ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, ya sauka Yamai domin sada zumunci. Wani har yakan kai ƴaƴansa ƙofar Prytanée, makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1996. Su ga soja a ƙame, fili a share, ba mai shiga sai da izini. Nan take uba ya ce a ransa: ga tarbiyya!

To amma mu dakata. Yaron da ya ci jarrabawar shiga bayan firamare, ana koya masa bin umurni tun hankalinsa bai gama nuna ba. Wannan ba aibi ba ne, domin rundunar da ke gardama ba ta tsare iyaka. Sai dai wata rana bindiga za ta kasance a hannunsa, talaka na gabansa, umurnin kuma zalunci ne. A ranar fareti ba shi da amsar da zai ba shi. Abin da ya ji daga bakin ubansa game da alhakin jini, ko da a cikin mota ne a hanyar komawa Malbaza, shi zai tuna. Da yawanmu kuwa kakin kawai muka yaba har muka iso gida.