Kyautata Zato da Muryar da Ke Cewa Daga Microsoft Take

Kwatsam sai allon kwamfuta ya daskare, ƙara ta cika ɗaki, ga rubutu da tambarin Microsoft yana cewa ƙwayar cuta ta shiga, a kira wata lamba maza-maza. Wanda zai ɗauki wayar mutum ne mai ladabi da taushin murya. Zai ce a sauke manhajar AnyDesk ko TeamViewer don ya duba matsalar daga inda yake. Da an ba shi dama, kwamfutar ta koma hannunsa.

A 2023 hukumar FBI ta Amurka ta karɓi koke sama da 37,000 kan irin wannan damfara, asarar kuwa ta haura dala miliyan 900, kuma dattawan da suka wuce shekara 60 ne abin ya fi shafa. A Oktoban shekarar, hukumar CBI ta Indiya ta kai samame wurare 76, ciki har da cibiyoyin kiran waya da ke sojan gona da sunan Microsoft da Amazon.

Wata dabarar 'yan damfarar ta fi ɗaure kai. Sai su ce za su mayar wa mutum kuɗinsa, sannan su sauya alƙaluman da ke kan allonsa, ya ga kamar an tura masa ninkin-ba-ninkin hakkinsa bisa kuskure. Ɗan damfarar ya shiga magiya, wai za a kore shi daga aiki. Mai tsoron cin haram sai ya garzaya ya mayar da rarar da ba ta taɓa shiga asusunsa ba. Da riƙon amanarsa da tausayinsa aka ɗaure shi.

To, shin kyawun hali ne ya cuce shi?

Suratul Hujurat ta haɗa umarni biyu da ake gani kamar suna karo da juna. Aya ta 12 ta yi hani da yawan zato, aya ta 6 kuma ta ce a tantance labarin da fasiƙi ya kawo kafin a yi aiki da shi. Sai dai kowanne da muhallinsa. Mugun zato hukunci ne da zuciya ke yanke wa mutum ba hujja. Tantancewa kuwa maganar da aka kawo ake yi wa. Ɗan kasuwar da ya ƙirga canji a gaban abokin cinikinsa bai kira shi ɓarawo ba.

Haka ma wanda ya katse kira ya nemo lambar kamfani da kansa. Microsoft ta sha bayyana cewa ba ta kiran kowa haka kawai don gyara, kuma gargaɗinta na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Bankunan Najeriya ma kullum suna nanata wa abokan hulɗarsu cewa ma'aikacinsu ba zai taɓa neman PIN ko OTP ta waya ba, ko da mai kiran ya fara da sallama ya kuma faɗi cikakken sunan mai asusun.