Mai shan wiwi: kaso ko likita?

A fadojin samarin Tawa gardamar ba ta ƙarewa: tunda Urugwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada ta bi sahu a 2018, mi ya hana Nijar? Wani ya ce, "Ai ganye ne kawai." Wani ya ce, "Haram ne, a kulle su duka." Mu a ganinmu tambayoyi biyu ne aka cakuɗa: ko a buɗe kasuwar wiwi, da kuma yadda za a yi da wanda ya riga ya faɗa ciki.

Ta farko amsarmu a'a. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da wuri, yake sha kullum, ya fi shiga haɗarin taɓin hankali da kasa dainawa. Kanada ta ƙayyade shekarun mai saye, ta ba shaguna lasisi, tana auna ƙarfin abin da ake sayarwa. Mu fa? Tramol ma da doka ta ce sai da takardar likita, ga shi nan hannun masu tallar magani. Wanda ya kasa tsare akuya ba a ba shi kiwon raƙumi.

Amma ta biyu ita ce mai nauyi. Yaron Kaita ko Barmu da ya dawo daga biɗa a Libiya ko Abijan da wannan ɗabi'a, aka kama shi da ƙulli ɗaya, mi kaso zai ƙara masa? Zai zauna da manyan diloli, ya fito da tabon da zai hana shi aiki da aure. Tsoron jandarma kuma shi ke sa uwa ta ɓoye ɗanta, sai ya birkice a ɗaure shi a ɗaki. Fotugal tun 2001 ta daina ɗaure mai ɗan abin shansa, tana tura shi wajen masu jinya, fatauci kuwa yana nan laifi.

Haramcin wiwi bai ɗauke mana haƙƙin jinyar mai shanta ba. Tan 17 da aka kama a Yamai a watan Maris 2021 ba yaran fada suka shigo da su ba; masu irin wannan kaya ne kaso ya dace da su. Yaron unguwa kuwa a ba shi inda zai je ya ce "ina son in daina" ba tare da an sa masa ankwa ba.