Gyaran Ƙwayoyin Garkuwar Jiki: Halacci, Wajabci da Tawakkali

Sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, ciwon daji ne da ke tasowa daga wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Takan bayyana da kumburi marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi, tare da rama da zazzaɓi da gumin dare. Nau'in da ya fi yawa a tsakanin manya shi ne mai saurin yaɗuwa da ke kama ƙwayoyin B, kuma haɗin magungunan kemo da ake kira R-CHOP yana warkar da kusan mutum 6 cikin 10. Waɗanda ciwon ya bijire wa kemo a jikinsu kuwa, wani nazari da aka wallafa a 2017 kan majinyata 636 ya nuna rabinsu ba sa wuce wata shida da 'yan kwanaki, kuma 1 cikin 5 ne kawai ke kaiwa shekara biyu.

Domin irin waɗannan aka fito da hanyar jinya mai suna CAR-T. Ana ɗaura majinyaci a kan wata na'ura da ke tace ƙwayoyin T daga jininsa ta mayar masa da ragowar. A ɗakin gwaje-gwaje sai a yi amfani da ƙwayar bairos da aka karya lagonta wajen cusa musu wata sabuwar ƙwayar gado. Ita ce ke sa su tsiro da wani maƙali da ke gane alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin B, kamar ɗan sintirin da aka nuna wa hoton ɓarawo. A hayayyafa su su kai miliyoyi, abin da kan ɗauki makonni, a ba majinyacin kemo na kwana uku don share musu fili, sannan a ɗura masa su ta jijiya sau ɗaya tak. Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ne ya fara tsara dabarar a ƙarshen shekarun 1980, ayarin Steven Rosenberg a Amurka ya ba da rahoton nasarar farko a kan limfoma a 2010, sannan hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani maganin CAR-T mai suna Yescarta a watan Oktoba 2017.

Tambayar da ke fara zuwa zuciyar musulmi ita ce ko wannan aiki ya shiga cikin sauya halittar Allah, abin da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa cikin ayyukan da Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane. Tambayar tana da tushe, domin ƙwayar da aka mayar wa majinyacin tana ɗauke da wani abu da ba a haife shi da shi ba. Sai dai tun da daɗewa malaman tafsiri suka saɓa kan ma'anar ayar. Ɗabari ya kawo ra'ayin masu cewa ana nufin fiɗiyar dabbobi da zanen jiki, da na masu cewa ana nufin sauya addini, ya kuma rinjayar da na biyun. Ko a wurin waɗanda suka ɗauke ta a kan jiki, an bambanta sauyin neman ƙawa ko yaudara da sauyin kawar da cuta. Hujjar da aka saba kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, Annabi (SAW) ya yarje masa ya sa na zinari.

A kan wannan turba majalisun fiƙihu na zamani suka tafi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2013, ta halatta gyaran ƙwayoyin gado a cikin ƙwayoyin jiki don magani, bisa sharaɗin kada cutarwar ta fi ciwon, ta kuma tsananta a kan taɓa ƙwayoyin haihuwa. CAR-T yana ɓangaren farko. Gyaran yana tsayawa a jinin mai shi, ba ya ratsawa zuwa 'ya'ya da jikoki, ba ya gauraya nasaba. Abin da He Jiankui ya yi a Sin a 2018, lokacin da ya sauya ƙwayoyin gadon jarirai tun suna ɗan tayi har aka ɗaure shi shekara uku, wani babi ne daban.

Halacci ke nan, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin mas'alar. Inda gizo ke saƙa shi ne ko neman wannan magani ya zama dole a kan wanda kemo ya gaza masa. Gazali, a babin tawakkali na Ihya'u, ya kasa hanyoyin kawar da cuta gida uku: tabbatacciya, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wadda barinta haramun ne idan ana tsoron halaka, wadda ake kyautata zaton amfaninta, kamar ƙaho da shan magani, wadda yinta bai saɓa wa tawakkali ba, barinta kuma ba laifi ba ne, sai wadda amfaninta zato ne mai rauni. Majalisar fiƙihun da aka ambata ta bi irin wannan rabo a zamanta na Jidda a 1992, inda ta ce hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mutum, yana wajaba idan barinsa zai kai ga mutuwa ko nakasa ko yaɗa cuta.

To, a wane gida CAR-T ya faɗa? A gwajin ZUMA-1, wanda aka yi wa majinyata 101, ciwon ya ɓace gaba ɗaya a jikin fiye da rabinsu, kuma bayan shekara biyar kusan kashi 43 cikin 100 suna raye. Idan aka kwatanta da wata shidan da ake tsammani a da, wannan gagarumin abu ne. Amma ya kasa rabi, kuma yana tafe da nasa haɗarin. Ƙwayoyin da aka gyara sukan tayar da garkuwar jiki fiye da kima, jiki ya ɗauki zazzaɓi mai tsanani, bugun jini ya faɗi, har a kai mutum sashen kulawa ta musamman. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gwajin sun sami mummunar matsalar ƙwaƙwalwa, irin su ruɗewa da sarƙewar harshe, ko da yake galibi takan wuce. Wasu ƙalilan maganin ne ya zama ajalinsu. Ƙwayoyin ba sa bambance B mai ciwo da mai lafiya, don haka wanda ya warke kan daɗe yana fama da raunin garkuwa. A 2024 kuma FDA ta sa a rubuta gargaɗi cewa, a wasu lokuta ƙalilan, wata sankarar kan biyo baya.

Abin da waɗannan alƙaluma suka fi dacewa da shi shi ne gida na biyu. Wanda ya shiga jinyar ya riƙi sababi mai ƙarfi, babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Wanda ya ji bayanin likita filla-filla ya ce ya gaji, ya zaɓi a rage masa raɗaɗi ya ƙarasa kwanakinsa cikin iyalinsa, shi ma da wuya a ce ya jefa kansa cikin halaka, tunda ga hadisin matar nan mai farfaɗiya da aka ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta ɗauki haƙuri. Hukuncin ba a daskare yake ba: matashi mai ƙarfin jiki da ke da ƙananan yara ya fi kusa da wajabci a kan tsoho mai ciwon zuciya, kuma duk lokacin da sakamakon ya inganta ma'aunin zai ƙara karkata. Dangi su ne suka fi buƙatar sanin wannan, domin sau da yawa su ke matsa wa majinyaci lamba, ko dai da sunan so ko don gudun abin da mutane za su ce.

Sai batun kuɗi, wanda littattafan magabata ba su tsawaita a kansa ba saboda ƙaho da sassaƙe ba sa cinye gado. An sa wa Yescarta farashin dala 373,000 a 2017, ban da kuɗin kwanciya asibiti. Shari'a ta sa kiyaye rai gaba da kiyaye dukiya, amma ta kuma rataya wajibai a kan iko, ba ta ɗora wa mutum ya sayar da gona da gidan da iyalinsa za su zauna a ciki don abin da bai kai tabbas ba. Iyalan da ke haɗa kuɗi su kai majinyaci Indiya ko Masar sun san wannan lissafi ko a kan jinyar da ba ta kai wannan tsada ba. Nauyin da ya sauka daga kan mutum ɗaya yana komawa kan jama'a, domin fuƙaha'u sun lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan babu mai yi kowa ya yi laifi. Indiya ta nuna cewa farashin ba wahayi ba ne: a watan Oktoba 2023 ta amince da NexCAR19, wanda Cibiyar Fasaha ta IIT Bombay da Asibitin Tata Memorial suka haɗu suka samar a gida, ana kuma ba da shi a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ake biya a Amurka.