Aikin Gayya Ma Shaida Ce



A watan Yuni na 2023 ambaliyar ruwa ta mamaye gidaje a Lugbe, cikin Abuja, iyalai da dama suka yi asarar dukiya. Har yanzu, a ƙauyuka da unguwannin da ke kewaye da birnin, shara tana toshe lambatu, kowa kuwa yana jiran hukuma.

Mu dubi littafin Nehemiya, sura 3. Firistoci sun gyara garun Urushalima, kowa daura da gidansa. Maƙeran zinariya da 'yan kasuwa sun sa hannu, Shallum ma ya fito da 'ya'yansa mata. Manyan Tekowa sun ƙi, Nassi kuwa bai ɓoye laifinsu ba. Cikin kwana 52 aka gama aikin.

Kakanninmu sun san gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin damina ta faɗi, bari Zumuntar Mata da matasan kowace ikkilisiya su keɓe Asabar guda, su gayyaci maƙwabtansu Musulmi, a kwashe shara, a gyara rufin gwauruwa. Ruwa ba ya tambayar addinin mai gida.

Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima. Amin.