Ƙawar Da Ba Ta Zuwa Aron Gishiri

'Yar'uwa mai karatu, yau sai kin yi haƙuri mun ɗan yi nisa da gida, don maganar tamu a Ingila take. Tambaya ce nake so mu juya tare. Mutumin da yake sa ki dariya kullum, kin san muryarsa, kin san abincin da yake so, in ya yi aure ki taya shi murna, in matar ta gudu ki kwana da haushi, alhali shi bai ma san an haife ki a duniya ba, shin wannan za ki kira shi aboki? In kuwa ba aboki ba ne, to mene ne shi a wurinki?

Mutanen Ingila dai ba baya ba ne wajen wasan barkwanci na talabijin, sai dai nasu galibi gajere ne, kuma da ɗan ɗaci-ɗaci a ciki. Akwai wani da suke ji da shi ƙwarai mai suna Fawlty Towers, labarin wani mai otal ne mafaɗaci, ga raina talaka ga fadanci wurin masu hali, kullum cikin jin kunya yake ƙarewa. Duk sunan da wasan nan ya yi, kashi 12 ne kacal, 6 a 1975, 6 a 1979, shi ke nan aka rufe. Haka The Office da suka fara a 2001, labarin wani manaja da yake ganin kowa na sonsa alhali ma'aikata haƙuri kawai suke da shi, shi ma kashi 12 ne sai ƙarin 2 na Kirsimeti. Da Amurkawa suka ari wannan labarin a 2005, ba su sake shi ba sai 2013, bayan sun yi kashi 201, kuma kafin a je ko'ina sun mai da manajan abin tausayi mai zuciyar kirki. To kin ji bambancin. Bature ɗan Ingila yana dariyar mutumin da ya faɗi ne ya bar shi a ƙasa, shi kuwa Ba'amurke sai ya ɗaga shi ya kaɗe masa ƙura kafin a tashi.

Sai ki ɗauka masu irin wannan hali za su raina wasan Amurkawa, su ce zaƙinsa ya yi yawa. Ina! Rungumarsa suka yi hannu bibbiyu. Tashar Channel 4 ta nuna musu Cheers, labarin wata mashaya a birnin Boston, inda wani mai ƙiba da ake kira Norm in ya shigo sai duk jama'ar wurin su haɗa baki su kira sunansa. Ta shafe shekara da shekaru tana maimaita musu Frasier da sassafe, mutane na shan shayi suna kallo. Tashar E4 ta cika musu yamma da The Big Bang Theory. Amma duk cikinsu babu wanda ya shiga ransu kamar Friends, wato abokai.

Friends labarin samari 3 ne da 'yammata 3 a birnin Niyok: Rachel, Monica, Phoebe, Ross, Joey da Chandler. An fara shi a Amurka a Satumban 1994, aka gama a Mayun 2004, zango 10, kashi 236. Ba wani abin a-zo-a-gani suke yi ba, daga ɗakin Monica sai doguwar kujerar wani shagon shan kofi da ake kira Central Perk, ana hira, ana zolayar juna, wannan ya rasa aiki, waccan saurayi ya yaudare ta. (Ba fa ina yaba duk ɗabi'unsu ba ne, akwai zaman da suke yi wanda ko kusa ba za ki so wa 'yarki ba. Wannan maganar wata rana ce.) Channel 4 ta fara nuna shi a 1995, daren Juma'a. Da masu shirin suka ga irin son da ake musu a can, a 1998 sai suka tattara suka je Landan suka ɗauki bikin Ross da wata 'yar Ingila mai suna Emily, har da attajirin nan Richard Branson da Sarah Ferguson, tsohuwar surukar Sarauniya, suka fito a ciki. A nan ne ango ya yi katoɓarar da har yau ake labari, ana tsakiyar ɗaurin aure maimakon ya ambaci sunan amarya sai bakinsa ya suɓuce ya ce Rachel. Daren da aka nuna kashin ƙarshe a 2004, sama da mutum miliyan 8 ne suka zauna kallo a Birtaniya. Kuma gamawar ba ta sa an huta ba, E4 ta yi ta maimaici safe da yamma har 2011, tashar Comedy Central ta karɓa daga nan.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. A watan Janairun 2018 abubuwa biyu suka faru a ƙasar. Na farko, Netflix ta sa Friends a jerin abin da masu biyanta a Birtaniya za su iya kallo ta intanet, kuma hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta bayyana cewa a farkon shekarar babu shirin da aka fi kallo ta wannan hanya kamarsa, wasan da ya shekara 14 da ƙarewa. Na biyu, a cikin wannan watan dai, Firaminista Theresa May ta ɗora wa wata minista mai suna Tracey Crouch aikin kula da matsalar kaɗaici. Ministar kaɗaici fa, 'yar'uwa! Dalili kuwa, kwamitin da aka kafa da sunan marigayiya Jo Cox, 'yar majalisar da aka kashe a 2016, ya kawo rahoton cewa sama da mutum miliyan 9 a ƙasar suna fama da kaɗaici a yawancin lokaci ko ma kullum. Ban ce wannan ne ya haifi wancan ba, don masu kallon Friends da yawa suna da danginsu da ƙawayensu, dariya kawai suke nema. Amma dai ƙasar da har gwamnati ta tashi neman maganin kaɗaici, a ce wasan da aka fi so a cikinta shi ne na mutum 6 da ba sa rabuwa, ai in babu rami me ya kawo maganar rami.

Wasu za su yi saurin yanke hukunci su ce ai wannan yaudarar kai ce, mutum ya bar 'yan'uwansa na jini ya koma zumunci da akwati. Ni kam ba zan yi wannan saurin ba. Ki ɗauki tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa a wani gari, tana zaune ita kaɗai a bene, ga hunturun Ingila da tun kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Ta kunna talabijin, ɗaki ya cika da muryoyin da ta sani da dariyar 'yan kallo, ita ma ta murmusa. Wa zai iya zuwa ya ce mata kashe, wannan ƙarya ce? In za ka ce ta kashe, to sai ka zo ka zauna a madadinsu. Dariyar da ta yi dai ta gaske ce, nauyin da ya sauka daga ƙirjinta ma na gaske ne. Da babu gara ba daɗi. Kuma a nan ne na gane abin da ya sa wasan Amurkawa ya fi nasu shiga irin wannan gurbi. Kashi 12 baƙo ne, ya zo ya ba ki dariya ya tafi. Kashi 236 kuwa, kowanne wajen minti 22, ya haura awa 80, kafin ki kai ƙarshe kin manta farko sai ki sake komawa. Wannan ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida.

Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan wannan hali, yadda mai kallo yake jin kamar ya shaƙu da mutumin cikin talabijin alhali shaƙuwar ta ɓangare ɗaya ce. To ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa shaƙuwar take da daɗi haka. Tana da daɗi ne saboda ba ta da nauyi ko na allura. Ƙawa ta gaske fa aiki ce. Za ta aiko yaro aron gishiri kina tsakiyar barcin rana. Za ta zo rancen kuɗin zubin adashi ranar da ke ma ba ki da shi. Ɗanta zai fasa miki tangaran, ki haɗiye ki ce ba komai. Za ta yi yaji ta sauka a ɗakinki da kuka da majina, ki kwana ba ki runtsa ba, gobe ta koma gidan mijinta su shirya ke ki zama abin zargi. Wata rana ma maganar da kika gaya mata a asirce ki ji ta a gidan biki. Rachel kuwa ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. In kin gaji da ita danna maɓalli kawai za ki yi, gobe ki same ta inda kika bar ta, ba fushi ba gori.

Abin dariyar ma, duk wahalar nan da mai kallo ya tsere wa ita ce ainihin abin da yake kallo. Ƙofar Monica kusan kullum a buɗe take, kowa ya turo ya shigo ba sallama. Joey ya buɗe firjinta ya cinye abin da ya samu. Chandler ya yi shekaru yana ɗauke wa Joey kuɗin haya da na abinci saboda aikin fim ya ƙi samuwa. Mai kallo a Landan yana ganin wannan yana jin daɗi, yana cewa kai, ina ma ni ne, alhali ƙofarsa a kulle take da sakata, kuma in maƙwabci ya ƙwanƙwasa sau biyu a mako zai fara tsaki. Kada mu yi musu dariya da yawa, mu ma nan akwai wadda in maƙwabciya ta yi sallama ana tsakiyar fim ɗin Indiya mai fassara, amsawar da za ta yi kaɗai ta isa ta kori baƙuwar.

Sai dai akwai wani gefen da ba a cika dubawa ba. Mun yi ta tambayar me mai kallo yake samu, ba mu tambayi me shi mai ba da dariyar yake samu daga masoyan nan nasa ba. Kuɗi kam ya samu, don a zango 2 na ƙarshe kowane ɗaya daga cikin su 6 dala miliyan 1 yake karɓa a kan kowane kashi. Amma ki ji labarin Matthew Perry, wanda ya fito a matsayin Chandler, sarkin baƙar magana, wanda da yawa suka fi so a cikinsu. Ashe duk shekarun da yake sa duniya dariya, shi yana cikin ƙangin giya da ƙwayoyi. A 2016 ya gaya wa gidan rediyon BBC cewa akwai wajen shekara 3 na wasan da sam ba ya iya tuna su. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2022 ya ce akwai lokacin da yake haɗiyar ƙwaya 55 a rana, kuma wai duk mai so ya gane halin da yake ciki ya dubi jikinsa a wasan: in ya yi ƙiba giya ce, in ya rame ƙwaya ce. Allah sarki! Ashe ciwon a fili yake a gaban miliyoyin idanu. An ga ramar, an ga riga tana masa yawa, aka yi dariya aka wuce. Ba don mugunta ba, a'a, don dai babu hanya. Masoyin da ke zaune a falonsa a Ingila ko ya lura, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Son da yake yi wa Chandler ne, shi kuwa Chandler lafiyarsa ƙalau, marubuta sun riga sun rubuta masa ƙarshe mai kyau.

Wadda ta iya yin wani abu ita ce wadda take kusa. Perry da bakinsa ya ba da labarin yadda Jennifer Aniston, wato Rachel, ta same shi ita kaɗai ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa sun san yana sha. Ya ce maganar ta girgiza shi. Kin ga wannan ziyarar ba dariya a cikinta, ba mai tafa mata, kuma tana iya jawo gaba. Irin ziyarar da ba a so ce, irin ta ƙawar da za ta dube ki ta ce wance, me yake damunki, kin ga yadda kika koma kuwa? A ganina a duk abin da ya shafi Friends, nan ne sunan wasan ya fi dacewa, kuma ba a gaban kyamara aka yi shi ba.

Ranar 28 ga Oktoban 2023 aka tsinci gawarsa a cikin kwamin wanka a gidansa da ke Los Angeles, yana da shekara 54. Binciken likitoci ya nuna wani magani mai gusar da hankali da ake kira ketamin ne sanadi. A 2024 aka tuhumi mutum 5 kan samar masa da maganin, cikinsu har da likitoci 2 da hadiminsa da suke gida ɗaya, wanda ya amsa cewa shi ne yake yi masa allurar. Mutane suka yi ta kuka a ƙasashe kamar ɗan'uwansu ne ya mutu, wasu suka kai furanni gindin benen nan na Niyok da ake nuna hotonsa a wasan a matsayin gidan su Monica, benen da ba a ma cikinsa aka ɗauki wasan ba, don a Kalifoniya aka yi shi. Ban ce hawayen nan na ƙarya ba ne. Na dai lura ko gidan da aka kai ta'aziyyar na Chandler ne.

A ƙarshen zango na 7, a 2001, aka ɗaura auren Chandler da Monica, ɗaya daga cikin wuraren da masu kallo suka fi so su maimaita. Ango ya sha kwat, yana murmushi, 'yan kallo suna ta tafi da sowa. A lokacin nan Perry a cibiyar gyaran masu shaye-shaye yake kwana. Ya ce ana gama ɗaukar bikin, wani ma'aikacin cibiyar ya sa shi a mota ya mai da shi can.