Haƙuri ko Tsoro? Tambayar da Muke Yi wa Matar da Ake Duka

A babban hutun bara na koma gida Kurni, na tarar da wata ƴar uwata a ɗakin gwaggo, ta yi yaji karo na uku. Gefen fuskarta a kumbure, goyonta a baya. Kwana biyar ta yi. Ran na shida mijin ya turo ƙanen babansa biko, da turmin atamfa da goro. Aka zaunar da ita, gwaggo ta ce, "Ƴar nan, ki yi haƙuri, duk macen da kika gani a ɗakinta haƙuri take yi." Ta ɗauki ƙullin kayanta za ta bi su. Ni kuwa, da guntun karatuna a ka, na tare ta a zaure na ce, "Yaya, wai me ya sa kike komawa?" Ta dube ni ta ce, "To in je ina?"

Har yau ina jin kunyar tambayar nan. Ita aka doka, amma ita na tsare da tambaya. Shi wanda ya ɗaga hannun babu wanda ya tare shi a zaure. Ƴan uwana ɗalibai, abin da nake so mu tattauna ke nan: shin haƙurin da ake nema daga matar da ake duka halin kirki ne, ko kuwa wani abu ne daban da muka laƙaba wa suna mai kyau?

Tunda harshe nake karanta, bari in fara da yadda muke magana. Ku saurari yadda labarin yake yawo a gari: "An doke ta." Wa ya doke ta? Wannan ɗan ƙaramin "an" ya ɓoye shi. Ko a ce "ta sha duka", ita ce ma ta zama mai aikatawa a jimlar, kamar wadda ta sha fura. Ko "ya ɗan taɓa ta", ko "sun samu saɓani", sai ka ce biyun ne suka doki juna. In an kai ƙarshe sai a ce "ita ta ja wa kanta". Yarinyar da ta tashi tana jin waɗannan jimloli, ranar da abin ya zo kanta da su za ta ba wa kanta labarin. Za ta ce, "Na ɓata masa rai ne," kafin ta iya cewa, "Ya zalunce ni."

Wannan ba hasashena ba ne kawai. A binciken ƙasa kan jama'a da lafiya da aka yi a Nijar a 2012, kusan mata shida cikin goma sun yarda cewa miji yana da hujjar dukan matarsa a kan wani dalili, kamar fita ba izini, ko gardama, ko ƙona abinci. Mazan da suka yarda da haka ba su kai yawan matan ba. Binciken nan kuma ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Wadda ta shiga ɗakin miji tana ƴar sha huɗu, a gidan ta ƙarasa girma, a gidan ta koyi abin da ake kira daidai.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan batun. A 1979 wata Ba'amurkiya, Lenore Walker, ta bayyana yadda abin yake zagayawa: da farko gida ya ɗauki zafi, mace tana taka-tsantsan da kowace kalma; sai dukan ya zo; sai kuma lallashi, da kyauta, da rantsuwar ba za a sake ba. Da na karanta wannan, atamfar bikon ce ta faɗo mini a rai. Mu a nan har tsari muka yi wa zagayen: duka, yaji, biko, komawa. A 1981 kuma Donald Dutton da Susan Painter suka yi bayanin cewa idan mai ƙarfi yana cakuɗa azaba da tausasawa, wanda ke ƙarƙashinsa yakan ƙara manne masa, don hannun da ya doke shi shi ne hannun da ke kawo sauƙi. Shi ya sa in ta ce maka "wallahi in ba ransa ne ya ɓaci ba mutumin kirki ne", ba ƙarya take yi ba. Ta ga kirkin da idonta, kuma shi take jira ya dawo.

Amma akwai inda ban yarda da Walker ba. Ta ce mace takan kai matsayin da za ta saduda, ta daina ƙoƙarin kuɓuta. A 1988 Edward Gondolf da Ellen Fisher suka ce a'a: matan suna neman taimako sau da yawa, waɗanda suke nema wurinsu ne ke mayar da su. Wannan ya fi kama da abin da na gani. Yaji uku ai ƙara uku ce ta kai. Kuma kar wani ya ce mini matan yankinmu raunana ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, sun fita neman abin da za su ci. Macen da za ta tunkari Sahara da goyo ba rashin zuciya ke zaunar da ita a ɗakin duka ba. Lissafi take yi: in na fita wa zai riƙe yaran, tunda uba ne zai karɓe su in sun tasa? Rumbun babana zai ɗauki ƙarin baki? Wa zai maido sadaki? Me za a kira ni a gari?

Yanzu bari in ba wa gwaggo haƙƙinta, don ba muguwa ba ce. Ta ga fari, ta binne ƴaƴa, ta san cewa babu zaman mutum biyu da zai ɗore ba tare da haƙuri ba. Tana tsoron ƴarta ta zama bazawara mai yara uku ba sana'a. In ta ce mahaƙurci mawadaci, daga abin da ta rayu take magana. Ni ma ban ce a jefar da haƙuri ba.

Inda muka rabu shi ne nan. Haƙuri da ƙarancin ruwan sama daban, haƙuri da mutum mai hankali da ya zaɓi ya mare ka daban. Damina ba ta jin magana, miji yana ji. Mutumin nan da ake cewa "zuciya ce ta ɗebe shi", ai ba ya marin mai gari, ba ya marin jandarma, ba ya marin wanda yake bin sa bashi a kasuwar Matamaye. Ke nan yana iya riƙe hannunsa, ya san dai inda ba za a tambaye shi ba ne. Haƙurin da ake ɗora wa mutum ɗaya kullum, kuma amfaninsa yana tafiya ga wanda ya yi laifin, ya tashi daga halin kirki, ya koma haraji. Sannan halin kirki sai da zaɓi. Wadda ba ta da inda za ta je, in ta zauna, ba mu da ikon yaba mata da haƙuri, ba mu kuma da ikon zarginta da wauta.

Masu fakewa da addini su ma su duba da kyau. A mazhabar Malikiyya da muke bi, alƙali yana da ikon raba aure in mace ta tabbatar da cutarwa, ko mijin bai so ba. Akwai kuma hul'i. Ƙofofin nan suna cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure, sai dai ba kasafai ake gaya wa mata ba. Ta fannin dokar ƙasa kuwa, har yau Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya, yawancin rigingimun aure a hannun dangi da sarakuna da malamai suke ƙarewa. Wato a hannun mutanen da mu ne za mu gaje su.

To me ya rage mana? Ba na tsammanin ɗalibi zai gyara garinsu da takarda ɗaya. Amma a jaharmu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, kuma abin ya bazu har wasu ƙasashe. In maza sun iya zama a kan awon ciki, za su iya zama a kan duka. Kai ɗan uwa, in abokinka ya ba da labarin yadda ya "gyara wa matarsa zama", kar ka yi dariya, dariyarka izini ce. Ke ƴar uwa, in ƙawarki ta buɗe miki cikinta, kar ki ce "ni da ni ce da tuni na tafi". Ki yarda da maganarta, ki raka ta likita, ki bar mata ƙofarki a buɗe ko da ta koma sau goma. Mai duka yana son ta rasa kowa sai shi, in kika yi fushi kika janye kin taya shi aiki.

Ƴar uwata tana can ɗakinta har yanzu. Da na kira ta a salula watan jiya ban sake yi mata waccan tambayar ba. Na ce, "Yaya, in abin ya sake faruwa, ko tsakar dare ne, ki kira ni, ni zan yi wa kawu magana, kuma wannan karon shi za a zaunar." Ta yi shiru, can ta ce, "To, na ji."