Uban da ya baro gida: darasi daga rayuwar Alhaji Abdullahi Inyass

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa a cikin ɗariƙa, sunan Maulana Shehu Ibrahim Inyass ba ya yankewa a zawiyoyin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. Sai dai ba kasafai ake tsayawa a kan mahaifinsa ba, Alhaji Abdullahi Inyass, Allah Ya ƙara masa yarda, alhali shi ne ya rene shi, shi ne kuma malaminsa.

An haifi Alhaji Abdullahi a ƙasar Jolof, a arewacin Sanagal. Yana saurayi danginsa suka yi ƙaura zuwa Salum, zamanin jihadin Maba Jahu. Can ya zauna yana karantarwa yana noma. A garin Taiba aka haifa masa Shehu Ibrahim a 1900. Ba a jima ba zama ya yi masa wuya a ƙarƙashin mulkin Faransawa, sai ya kwashi iyali da almajirai ya tsallaka Gambiya, inda ya yi shekaru. Bayan ya ziyarci Fas, kuma Alhaji Malik Si ya shiga tsakani, ya dawo ya sauka Kaulaha wajen 1910, ya kafa unguwar Lewna. Nan ya rasu a 1922.

Duk inda ya sauka, da makaranta da gona yake fara zama. Ƙaura ba ta sa ya ajiye karatun 'ya'yansa ba, karantarwa kuma ba ta hana shi ciyar da gidansa da guminsa ba. A gaban wannan uba Shehu Ibrahim ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihu da Larabci, ya karɓi wuridin Shehu Ahmadu Tijjani. Failar da ta bayyana a 1929, ta iso Kano da Kiyota da Maraɗi, a gidan baƙo manomi aka yi renon ma'abocinta.

Wannan hanya tsohuwa ce. Da Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa. An kuma ruwaito cewa sahabbai sun ga wani ƙaƙƙarfan mutum ya fita nema, suka yi fatan da ma ƙarfinsa a tafarkin Allah ya tafi. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da su cewa in domin ƙananan 'ya'yansa ya fita, ko domin tsofaffin iyayensa, to a tafarkin Allah yake.

Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin wannan. Katsinawa ne da suka baro gida suka kafa birnin, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tibiri. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka hau da gari tudu, aka sake gini. Zamanin gyaɗa ya jawo mutane daga ƙauyuka, fari na 1973 da na 1984 suka koro wasu. Da yawa daga masu zama wazifa yau, mahaifinsu da ƙunshin kaya ya shigo garin nan. Ya yi dako ko ga-ruwa, ya kwana a zauren wani, har ya sami ɗaki ya aika a kawo masa iyali. Ba a rubuta sunansa a littafi ba, amma shi ya biya kuɗin laraba, shi ya fara kama hannun ɗansa zuwa masallaci.

Abin tsoro shi ne ɗa ya buɗe ido a gidan siminti ya fara jin kunyar sana'ar ubansa, ya yanke da ƙauyen da uban ya baro. Muridi ya sani cewa biyayya ga iyaye tana cikin sharuɗɗan ɗariƙa, mutuwarsu kuma ba ta sauke ta. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Usaidu ya lissafa abin da ya rage a kan ɗa bayan rasuwar iyaye: yi musu addu'a, nema musu gafara, cika alkawarin da suka bari, sada zumuncin da ya zo ta hanyarsu, da girmama abokansu.

Saboda haka wanda mahaifinsa ya rasu ya bincika ko da bashin da ya rage, ya biya. Ya nemi baffannin da ke ƙauye tun ba a yi masa aike ba. In maigidan da ya sauki uban yana raye, ya je ya gaishe shi. In ya rasu, ya riƙe 'ya'yansa. Ya gaya wa nasa yaran daga inda kakansu ya fito da aikin da ya ci da su. Wanda nasa uban ke raye kuwa, ya sauke masa kayan tun yau. Bayan lazimin safe, kada a tashi ba a sa su cikin addu'a ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abdullahi Inyass, Ya jiƙan iyaye baki ɗaya, Ya haskaka makwancinsu, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.